Sarakunan Da Suka Koma Ƙauye

Shafi na 17

Bari in fara da laifina kafin ku jero min shi a ƙasa. Na ce da safe zan kawo shafin nan, ga shi sai yanzu. Masu cewa wataƙila caji ne ya ƙare min, na gode da kyakkyawan zato, amma wayata cike take. Zama ne na kasa yi. Ni haka Allah ya yi ni, in abu ya dame ni sai in tashi in kama gyaran abin da bai lalace ba. Yau na kwance fankar shago na sake ɗaure ta. Da tana juyawa, yanzu ba ta yi.

Ga wanda ya shigo mana a tsakiya: ni ne mai shagon fotokwafi da ɗaurin littattafai, ƙofa ɗaya ce tsakanin shagon da falona. 'Yata shekararta goma, muna kiranta Lauya saboda magana ba ta wucewa ta gabanta ba ta tare ta da tambaya ba. Tana da sikila. Tun kwanciyarta ta ƙarshe a asibiti muka cire ta daga makaranta muka ce a gida za ta yi karatu. Mahaifiyarta, wadda nake kira Gwamnati in ba ta kusa, ta ɗauki lissafi da kimiyya in ta dawo daga aiki. Ni na ɗauki tarihi, da wani ƙaton littafin yara mai hotuna da ya kwaso duniya tun daga zaman kogo har zuwa jirgin sama.

Kun kuma san abin da na yi wa littafin. Duk shafin da aka mutu a cikinsa na shafa masa gam na manne shi da na kusa da shi, na danne a injin matsi har ya bushe. Sana'ata ce, ba yabon kai ba, ko da tabarau ba ka ganin haɗin. Duk sarkin da labarinsa ya zo ƙarshe kuwa, a bakina gajiya ya yi ya koma ƙauye. Ban san yawan gawar da ke cikin tarihin duniya ba sai da robar gam ta ƙare na buɗe sabuwa.

Dalilina ɗaya ne. Yarinyar nan in ciwo ya taso mata ba likita take kallo ba, ni take kallo. In na ce zai wuce, sai ta lumshe ido ta yarda. Maganata rabin maganinta ce. Ranar da ta gane Baba yana ƙarya, ban san me zan riƙe ta da shi ba.

To, mun tsaya a inda Kawu ya yi sallama, yayan Gwamnati, tsohon sufeton makarantu, wanda ta gayyato ya auna mana karatun.

Ya shigo da jan biro a aljihu. Mutumin da ya yi ritaya tun Lauya tana rarrafe, amma har yau jan biro ba ya barin ƙirjinsa.

"Hedimasta!" ya ce da ni. "Ina ɗalibai? Ko sun gudu?"

"Ɗaliba ɗaya ce, Yaya."

"To ka more. Na taɓa duba makarantar da malami ke kiran suna har a tashi tara bai gama ba. Ina littafin?"

"Wane littafi?"

"Littafi nawa kake koyarwa da shi?"

Na duba ƙarƙashin kujera. Na ɗaga matashi. Na leƙa bayan labule kamar littafi yana da ƙafa. Ina cikin wannan wasan kwaikwayo sai ga Gwamnati ta fito daga shago riƙe da shi.

"Baban Lauya, me littafin yarinya yake yi a cikin injin fotokwafi?"

"Ƙura nake gudar masa."

Ta kalle ni irin kallon da take yi wa mai gyaran famfo in ya ce ya gama. Ta miƙa wa yayanta.

Kawu ya auna shi a tafin hannu. Ya ƙwanƙwasa wani shafi da farce, ya ji ƙara kamar faifan katako.

"Takardarsu da kauri."

"Bugun waje ne, Yaya. Ba sa rowar takarda."

Lauya tana zaune a kan darduma, ta naɗe ƙafa, robar ruwanta a gefe kamar kullum. Ba ta ce komai ba. Wannan shirun ya kamata ya ba ni tsoro, don Lauya ba ta shiru sai in tana barci, shi ma ba kullum ba.

Na ce, "Yaya, da an fara da ƙirƙire-ƙirƙire. Takarda, rubutu, taya. A nan ta fi ƙarfi."

"Hedimasta, tunda nake aiki ba a taɓa zaɓa min ajin da zan shiga ba. Zauna."

Na zauna. Na tashi na rage fanka. Na dawo na zauna.

"Ɗiyata, a ina aka fara yin takarda?"

"A Sin, Kawu."

"Madalla. Kafin takarda fa, mutanen da ke tsakanin manyan kogunan nan biyu a kan me suke rubutu?"

"A kan laka. Suna danna ta da kara tun tana ɗanya, sai su shanya."

"Kai! Hedimasta, ashe kana aiki."

Na gyara zama. Har na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ina tunanin ko in faɗaɗa makarantar in ɗauki 'ya'yan maƙwabta.

Sai ya rufe littafin ya kalli bangonsa. Bango kuwa ba ya mannuwa da komai, na gwada tunanin hakan tun farko ban samu hanya ba. Hoton dalolin Masar ne a jiki, da wani mutum kwance an naɗe shi da ƙyalle tun daga kai har ƙafa.

"Waɗannan dalolin, don me aka gina su?"

"Rumbun hatsi ne, Kawu."

Ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Na'am?"

"Rumbu. Saboda shekarar fari."

"Wannan da ke kwance fa?"

"Mai gadi ne. Baba ya ce sanyi yake ji."

Gwamnati tana zuba shayi. Ta tsaya da butar a sama, shayin yana zuba a faranti.

Allah ya taimake ni aka buga ƙofar shago. Ban taɓa son mai ciniki irin na ranar ba. Na tashi da gudu har takalmi ɗaya ya zauna a falo.

Wata mata ce za ta yi kwafin katin shaida, gaba da baya. Na sa katin na danna, kunnena yana jikin ƙofa.

Muryar Kawu: "Shugaban Rumawan nan da 'yan majalisarsa suka kewaye shi, me ya faru da shi?"

Muryar Lauya: "Shawara suka ba shi, ya ajiye mulki ya koma ƙauye."

"Shawara."

"E, Kawu."

"Da me suka ba shi shawarar?"

"Baba bai ce ba."

Matar ta ce, "Malam, wannan ai tafin hannunka ka yi min kwafi."

Na duba. Hannuna ne, da zoben aure da komai, katin yana gefe a kan tebur. Na sake yi. Ya fito a juye. Na ce mata haka ake yayi yanzu, ta karɓa ta fita tana waiwayena.

Na so in tsaya a shago har Kawu ya gaji ya tafi. Na ɗauki burushin gam na ajiye. Na jera takardun da dama a jere suke. Sai na ji an ce, "Hedimasta, ana nemanka a ofis."

Na koma.

"Zauna ka ji ɗalibarka," in ji Kawu. "Ɗiyata, saurayin sarkin nan na Girka da ya ci ƙasashe har Indiya?"

"Ya gaji, ya koma ƙauye."

"Sarkin Sin da aka yi masa rundunar sojojin yumɓu?"

"Kayan wasansa ne. Da ya girma sai ya bar su ya koma ƙauye."

"Mutanen garin da dutse ya yi wa aman wuta?"

"Toka ta dame su, suka tashi."

"Zuwa ina?"

"Ƙauye."

Kawu ya cire jan biro ya riƙe, ya rasa inda zai soka shi.

"Wannan ƙauyen zai yi cunkoso. Wa ke musu mai unguwa?"

Na yi dariya ni kaɗai. Dariyar ta fita ta zaga falo ba ta samu wurin zama ba ta dawo min.

"Baban Lauya," in ji Gwamnati a hankali. In ta yi magana a hankali, to an gama bincike, saura hukunci. "Me kake koya wa 'yata?"

"Taƙaitawa nake yi. Kowane malami yana taƙaitawa. Yaya, ba haka ba ne?"

Kawu ya jawo littafin gabansa. Ya lashi yatsa yana buɗe shafuka, yana bin lambobin ƙasa da bakin biro. Ya tsaya. Ya koma baya. Ya sake zuwa gaba.

"Lambobin nan tsalle suke yi."

"Kuskuren maɗaba'a ne."

"Bugun wajen?"

Ya tashi ya je taga, ya ɗaga shafi ɗaya ya kara shi da rana. Ni da kaina daga inda nake na hango inuwar hoton da ke ciki: keken doki shaƙe da mutane a kwance. Babin annoba ne. Shi kam gaba ɗayansa na haɗe, ya zama kamar murfin akwati. Da Lauya ta tambaye ni me ya faru a wannan zamanin, na ce mata duniya hutu ta yi.

Gwamnati ta shiga kicin ta fito da wuƙa.

Wallahi na san littafin za ta yanka, amma sai da na matsa.

"Kar ki sa wuƙa!" na ce. "Gam ɗin nan in ya kama, takardar ce za ta yage, ba shi ba. Ni na san irin wanda na..."

Na dafe bakina. Amma jirgi ya riga ya tashi da ni a ciki.

"Wanda ka me?"

"Wanda... ake sayarwa."

"Ba sai da wuƙa ba, Mama."

Lauya ce. Duk muka juya.

"Tururi ake sa masa. In kika kara shi a bakin butar shayi kika ɗan jira, da kansa yake buɗewa. Haka Baba yake yi in ya manna bangon wani a juye."

Ta tashi ta karɓi littafin daga hannun Kawu, ta ɗauki butar da ke kan tebur, ta kara gefen shafin a bakinta. Ta sa farcen ɗan yatsa ta bi shi sannu a hankali, yadda nake yi, har da ɗan cije leɓen da nake yi. Shafin ya buɗe ba ko ƙwarzane.

A matsayina na uba, asirina ya tonu. A matsayina na mai sana'a, aikin ya yi kyau.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun Masar."

Masar ita ce babi na uku. Muna gab da jirgin ƙasa yanzu.

"Amma kullum ina dubawa. A manne suke."

"Ina mayar da su. In ka tafi sayo takarda nake ɗauko gam ɗin. Na sama, mai jan murfi. Na ƙasan yana barin tabo."

Kawu ya koma ya zauna. Ya mayar da biro aljihu, karon farko da na ga ya mayar da shi bai ja wa kowa layi ba.

"To ɗiyata, dalolin Masar?"

"Kaburbura ne, Kawu. Mai gadin nan gawa ce. Shugaban Rumawa wuƙaƙe suka caka masa, har da abokinsa a ciki. Na Girka zazzaɓi ya yi ya mutu bai tsufa ba. Sojojin yumɓu tare da sarkin aka binne su. Mutanen garin toka ba su tashi ba, suna nan a inda ta same su, har da wani kare." Ta juyo gare ni. "A duk littafin mutum ɗaya ka bari ya mutu, Baba. Fir'auna. Shi ma don ka san na riga na sani."

"To me ya sa kika ba Kawunki amsar banza?" in ji Gwamnati.

"Abin da aka koya min aka ce za a tambaye ni."

Kun ji dalilin sunan.

Gwamnati ta ajiye wuƙar a kan tebur, ta juyo gaba ɗaya.

"Ni ina can ina fama da ita da rabawa da ninkawa, kai kana nan kana kwashe sarakunan duniya kana kai su gona?"

"Maman Lauya, ki saurare ni."

"Ina ji. Yi min taƙaitawa."

"Ke ba kya nan da rana. Ba ke kike buɗe shafi ki ga an zana yaro sarki da fuskar zinariya, a ƙasa an rubuta shekarun da ya yi a duniya, ita kuma tana gefenki tana lissafi da yatsu ba."

"Sai ka ce mata me?"

"Na ce ya koma..."

"Kar ka ƙarasa. In na sake jin kalmar nan a gidan nan sai na fasa wani abu."

"Ku yi haƙuri," in ji Kawu. "A ƙa'idar aiki, in an samu irin wannan, akan ba malami..."

"Yaya, don Allah."

"To."

Ya ɗauki shayinsa da ya huce ya kama sha kamar aikin da aka ba shi ke nan.

"Kana ganin ni ban iya tsoro ba ne?" in ji Gwamnati.  "Ni nake ƙirga ƙwayoyinta. Ni nake taɓa goshinta kafin in fita. Amma ban taɓa ce mata allura ba zafi. Ina ce mata da zafi, riƙe hannuna."

"Ni kuma ina ce mata zai wuce."

"To yanzu wa zai yarda da kai?"

Na tashi. Ban san inda za ni ba. Na je na gyara hoton bango da yake a miƙe, na karkata shi. Na dawo na tsuguna a gaban Lauya, gwiwata ta yi ƙarar da ta tuna min shekaruna.

"Lauyata. Na yi kuskure. Daga yau babu gam. Kawo butar, mu buɗe su duka, in karanta miki kowace gawa da sunanta. Tambaye ni duk abin da kike so, wallahi gaskiya zan faɗa miki."

Na ji daɗin jawabin nan. Har na saci kallon Gwamnati in ga ko ya shige ta.

Lauya ta rufe littafin ta ɗora hannu biyu a kai.

"Kowace tambaya?"

"Kowace."

"Maƙwabciya fa?"

Ban gane ba da farko. Na zaci matar gidan da ke jikin namu take nufi, wadda lafiyarta ƙalau, jiya ma ta yi faɗa da mai kwasar shara.

"Wace maƙwabciya?"

"Tawa. Ta asibiti."

Sai na tuna. A kwanciyar nan ta ƙarshe akwai wata yarinya a gadon da ke kusa da nata, sa'arta, ciwonsu ɗaya. Ba sa kiran juna da suna, sai Maƙwabciya. Suna miƙa wa juna fensir mai launi ta tsakanin ƙarafan gado, suna yi wa nas-nas laƙabi, suna gasar wadda ruwan ledarta zai riga ƙarewa. Mu aka fara sallama. Da muka koma ganin likita, Lauya ta tafi mata da zanen da ta yi, muka tarar da wani yaro a gadon.

"Me ya same ta?" na ce.

"Kai za ka faɗa min. A hanyar dawowa na tambaye ka. Ka tuna abin da ka ce?"

Na tuna. Na ji kamar an zare min kujera, ga shi dama a tsugune nake.

"Na ce an kai ta wurin kakarta."

"A ina?"

Na kalli Gwamnati. Ta ce in ta sake jin kalmar za ta fasa wani abu. Ba ta fasa komai ba. Ta dafa bango.

"A ƙauye," na ce. "Amma Lauya, wannan daban ne. Wannan gaskiya ce. Wallahi tallahi gaskiya ce."

"Haka ka rantse a kan na Girka."

"Na Girka ban ce tallahi ba."

Ba wanda ya yi dariya. Ni ma ban yi don a yi ba, bakina ne ba ya sanin lokaci.

"Da na buɗe Masar na ga mai gadin gawa ce, ban damu ba," in ji ta. "Na ce Baba wasa yake yi. Da na buɗe Rum, na ga wanda ka ce ya koma ƙauye kashe shi aka yi. Na buɗe na gaba, shi ma. Na gaba, shi ma. Duk wanda ka kai ƙauye, in na sa tururi sai in same shi a mace. Sai na tuna Maƙwabciya." Ta shafa bangon littafin. "Ita ba ta da shafin da zan buɗe."

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba?" in ji Gwamnati. Ta zo ta durƙusa ta ɗaya gefen.

"Kar Baba ya ji kunya. Yana ƙoƙari da gam ɗin."

Jama'a, an zage ni a rayuwa. Wani ɗalibi ya taɓa ce min ɓarawo a kan bangon da ya ce shuɗi ya zaɓa. Ba abin da ya taɓa shiga jikina kamar wannan tausayin.

"Kuma ina jira ne," ta ce.

"Jiran me, ɗiyata?" in ji Kawu.

"In ji ranar da Baba zai fara ce min ƙauye yana da daɗi. Sai in san an kusa."

Kofin Kawu ya yi ƙara a kan faranti. Gwamnati ta jawo ta jikinta. Lauya ba ta yi kuka ba, idonta yana kaina ta saman kafaɗar uwarta, irin kallon nan na lokacin ciwo. Sai dai wannan karon ba ta lumshe ba.

"Ba inda za ki," na ce. "Likita ya ce jikinki yana kyau. Mamanki tana wurin, tambaye ta."

"Haka ne," in ji Gwamnati. "Ni na ji da kunnena."

"Na yarda da na Mama."

Ta bar sauran a rataye.

Na miƙe. Na zaga tebur. Na zaga shi ta ɗaya gefen. Duk ƙaryar da na yi a gidan nan an karɓe ta hannu biyu an mayar mata da gam, gaskiya ɗaya da na faɗa ita ce aka ƙi karɓa. Abin ya ba ni haushi, haushin ya ba ni ƙarfi.

"To shi ke nan! Ni maƙaryaci ne, na yarda, a rubuta da jan biro. Amma wannan maganar ba ni na ƙirƙire ta ba. Tambaya na yi aka faɗa min."

"Wa ya faɗa maka?" in ji Gwamnati.

"Babbar nas ɗin ɗakin yara. Mai tabarau, wadda suke kira Jiniya saboda muryarta. Da bakinta ta ce min an sallame ta, iyayen sun kai ta ƙauye wurin kakarta ta huta. Ita ma gam take shafawa?"

Lauya ta ɗago kai kaɗan.

"Jiniya ce ta faɗa?"

"Ita. Kin san ta, ko likita ba ta raga masa."

"Jiniya ba ta ƙarya," ta ce a hankali. "Ita ce ta ce min allurar baya ta fi ta hannu zafi."

Na ga wani abu ya fara dawowa fuskarta. Na bi shi da gudu kafin ya tsere.

"Maman Lauya, kina da lambarta. Kira ta. Yanzu. Sa a lasifika kowa ya ji, har da sufeto. In ta ba mu lambar iyayen, yau ɗin nan Lauya za ta gaisa da Maƙwabciya."

"Ka tabbata?" in ji Gwamnati. Idonta yana min wata tambayar daban.

"Kira ta, na ce."

Rabona da ba da umarni a gidan nan har na manta yadda ake ji. Ta ɗauko waya ta lalubo lambar. Ta danna, ta ajiye a kan littafin, a tsakiyarmu. Lauya ta matso ta kama hannuna, karon farko tun da Kawu ya shigo.

Waya ta fara ƙara.

Ina tsaye ina murmushin wanda zai ci shari'a, ina maimaita ranar a kaina don in tuna wa Jiniya in ta manta. Ga ƙofar ɗakin yara. Ga ni da zanen a hannu. Ga Lauya can gefe an ɗora ta a kan sikeli. Na ce, Sista, ina yarinyar gadon nan?

An ɗauka. Muryar ta cika falo: "Salamu alaikum, wa ke magana?"

Sai a lokacin na tuna sauran. Kafin Jiniya ta ba ni amsa ranar, sai da ta juya ta kalli Lauya, irin kallon da ni ma nake yi mata kafin in ce wani sarki ya koma ƙauye.